Ranar da Ruwan Shuka Ya Same Mu a Tsibiri

Shekarun baya can, tun Turawa na ƙasar nan, wajen tsakiyar shekarun hamsin, na taɓa ɗaukar mahaifina na kai shi hutu wani tsibiri a bakin teku. Duk sanda na faɗi haka sai jikokina su kwashe da dariya, wai a zamaninmu wa ya san hutu, balle tsibiri. To, an yi, kuma ni na yi. Yadda abin ya ƙare ne dai ba yadda na tsara ba.

A lokacin ina malamin elementare a Bunguɗu, ban fi shekara biyu da kama aiki ba. Labarin ƙasa nake koyarwa, kuma ina ji da kaina ba kaɗan ba. Ga farin gajeren wando, ga doguwar safa har gwiwa, ga wata taswira da na liƙa a bangon aji mai layuka masu nuna watan da ruwa ke isa kowane yanki, tun daga bakin teku har Sakkwato. Na haddace ta tsaf. In ka tambaye ni yaushe damina za ta faɗi, ko sama ba na dubawa, amsa kawai zan ba ka.

Mahaifina kuwa manomi ne a 'Yandoto, kusa da Tsafe. Ga waɗanda ba su taso a gona ba, bari in ɗan yi bayani. In ruwan shuka ya sauka, wato ruwan farko da ya jiƙa ƙasa sosai, kwana biyu ko uku kake da su kafin ƙasar ta sha iska. A cikin kwanakin nan mutum ɗaya zai shige gaba da sungumi, wata fartanya mai doguwar ƙota, yana sara rami a kowane taku, sauran kuma na biye da shi suna jefa iri suna rufewa da dunduniya. Geron da aka shuka da wannan ruwa shi ke fara nuna, shi ke fid da gida daga yunwar tsakiyar damina. Wanda ya rasa shi sai ya jira wani ruwan, kuma ba wanda ya san ranar zuwansa.

A gidanmu mutum ɗaya ne ke riƙe sungumi, shi ne Baba. A saman ɗakinsa yake soke shi, ba mai taɓawa. Yayana a lokacin ya haura talatin, da matarsa da 'ya'yansa uku, amma har ranar yana bayan Baba da ƙoƙon iri kamar yadda yake tun yana yaro. Baba kan ce tazarar rami ita ce noma, in ta matse gero ya shaƙe, in ta buɗe an yi wa ciyawa gona, kuma wai ba wanda ya iya ta sai ƙafarsa. Yayana ba mai yawan magana ba ne, bai taɓa musa masa ba.

A ranin shekarar ciwon baya ya sa Baba a gaba. Malamin asibitin Tsafe ya ce ba wani magani sai hutu. Baba ya ce to, washegari aka gan shi yana kora jaki da mangalar taki. Da na zo gida ƙarshen mako, mahaifiyata ta jawo ni bayan rumbu.

"Malam," haka take kirana in za ta sa ni aiki, "in ba ka ɗauke babanku daga garin ga ba, gonar ga za ta kwantar da shi. Ka tafi da shi inda ba gona."

Na ce, "Inna, ina za a samu inda ba gona?"

Ta ce, "Kai ne mai takardar duniya a bango. Duba."

Sai na tuna da abokina. Tare muka taso, mahaifinsa aminin Baba ne, da ya rasu a gidanmu ya ƙarasa girma. Ya samu aikin akawu a tashar jiragen ruwa a Ikko, kuma ya daɗe yana rubuto mini cewa in zo hutu, akwai wani tsibiri da yake so in gani, ba komai a cikinsa sai rairayi da kwakwa. A wasiƙarsa ta ƙarshe ya ce an yi masa haihuwar fari. Da wannan muka kama Baba. Da na ce masa mu je kallon ruwa, da ya tambaye ni ko lafiyata ƙalau. Amma zuwa sa wa jikan amininsa albarka, wannan ba ya iya ƙi.

Ya ce, "Zan tafi, amma da sharaɗi guda. Ruwan shuka shi iske ni gida."

Na ce, "Baba, saura wata guda cur. Mako biyu kawai za mu yi."

Har taswirar na ɓamɓaro daga bangon aji na kawo na shimfiɗa masa a kan tabarma, ina nuna layuka da yatsa. Ya duba ta, a juye ma, ya ɗago ya ce, "Malamin makaranta, wagga takarda ruwa ya taɓa dukanta?" Na ce masanan da suka zana ta sun auna ruwa shekara da shekaru. Shi ma da ya yi nasa lissafin na manoma ya ga da sauran lokaci, shamuwa ma ba ta iso ba. Ya amince. Ranar tafiya ya tsaya a ƙofar gida ya lissafa wa yayana aikin da zai yi, kai taki, gyaran shinge, ƙone sauran kara. Sungumi ko ambatonsa bai yi ba, don bai ga dalili ba.

Muka hau jirgin ƙasa a Tsafe, muka sake wani a Zariya, muka miƙa kudu. Baba bai taɓa wuce Funtuwa ba. Duk hanya fuskarsa na taga, yana yi wa gonakin mutane gyara. Da muka hau gadar Jabba ya ga kogin Kwara, sai ya dafa ni ya ce, "To, ga tekun taka mun gani, sai mu sauka?" Na ce da saura. Ya girgiza kai ya ce ruwan da ya fi wannan ai ɓarna ne.

Abokina ya tarbe mu da murna har da hawaye. Aka kawo jinjiri, Baba ya tofa masa addu'a, ya ce hancin kakansa ne sak. Kwana biyu muka yi a gari, hayaniya ta ishi Baba, ranar Lahadi da hantsi abokina ya sa mu a kwalekwale. Baba ya zauna a tsakiya ya riƙe gefe da hannu biyu, bakinsa bai huta da salati ba har muka taka ƙasa.

Jama'a, na ga wurare bayan nan, amma ban ƙara ganin wuri kamar wannan ba. Tsibirin siriri ne, in ka tsaya a tsakiya kana ganin ruwa hagu da dama. Ta gefen da muka sauka ruwan a kwance yake lum, ta ɗaya gefen kuma teku ce sosai, tana ta tasowa tana dukan gaɓa ba dare ba rana. Rairayin fari fat, mai laushi kamar garin da aka tankaɗe. Bishiyoyin kwakwa sun sunkuyo kan ruwa, iska kuma ba ta tsayawa. Mu da muka baro zafin bazara a gida, inda mutum ke kwana yana juyi, sai ga mu muna jan mayafi da rana.

Masaukinmu bukka ce ta ganyen kwakwa a gidan wani dattijo masunci, wanda abokina ya saba da shi. Ya taɓa aikin reluwe a Arewa yana saurayi, yana jin Hausa tsinci-tsinci. Abokina ya damƙa mu a hannunsa ya koma bakin aiki, a kan zai zo ya ɗauke mu Lahadi mai zuwa.

Da yake ranar hutu ce, akwai Turawa 'yan kaɗan da suka zo da nasu jirgin. Suna kwance a rairayi cikin rana tsaka, kusan ba tufafi. Baba ya kau da kai, ya sake leƙawa ta gefen ido, ya ce mini a hankali, "Waɗanga mi sunka yi aka shanya su?"

Na ce, "Hutawa suke yi, Baba."

Ya ce, "Ga inuwa kyauta?"

Tambayar farko da ya yi wa mai masaukinmu bayan gaisuwa ita ce me suke shukawa. Dattijon ya nuna teku ya ce gonarsu ke nan, ba shuka, sai girbi. Baba ya dubi ruwan, daga baya ya ce mini mutanen nan Allah ya so su, amma bai san abin da suke yi da hannuwansu ba in gari ya waye. Da ya ga yadda ake jan taru da safe, mutum goma sha suna nishi, sai ya janye maganar. Abin da ya fi ɗaure masa kai rijiya ce. Ya ɗanɗana ruwan teku ya tofar, ya zo tsakiyar tsibirin ya sha na rijiya ya ji garɗi. Ya yi ta kai da kawowa tsakanin biyun yana auna taku, yana cewa ikon Allah.

Ranar farko bai iya zama ba. Ya tsince busasshen ganyen kwakwa ya tara wuri guda, ya gyara wa mai gida dangarsa da ba a roƙe shi ba. Amma wurin bai da aikin da zai riƙe manomi. Ranar Litinin bayan azahar na dawo daga yawo na iske shi ya jingina da gindin kwakwa, ƙafafunsa a miƙe, hula a kan fuska, yana barci. Na tsaya ina kallonsa. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin mahaifina yana barci da rana ba, ko da azumi. Daɗi ya kama ni har na rasa wanda zan nuna wa.

Daga ranar zuwa Laraba, kwana ukun nan su ne nake kira hutu har yau. Da safe mu sha kunu, don Baba ya rantse ba zai ci ƙaguwa ba, kuma dama Inna ta ƙulla mana gero a tsumma. Kifi kuwa ya ci har ya ce ya rama na shekara goma. Ya koyi shan ruwan ɗanyar kwakwa, in an sare masa kai ya kafa baki sai ya ga ƙarshenta. Da la'asar mu je gefen da ruwa ke kwance ya tsoma ƙafafu, ya naɗe wando, yana ba ni labarin da ban taɓa ji ba: yadda ya yi dambe yana saurayi aka zubar masa da haƙori a Kwatarkwashi, yadda ya fara ganin Inna tana tallan fura ya sayi ƙwarya uku bai da yunwa. Ni da na saba tsakanina da shi sai gaisuwa da umarni, sai ga shi yana dariya har yana dukan cinyata. Bayansa ma ya ce ya daina yi masa ciwo. A raina na ce, Malam, ka iya tsari.

Ranar Alhamis da hantsi hadari ya taso daga teku. Kafin mu tattara tabarma ruwa ya kece, irin mai ƙarfin nan, aka yi ta zuba har azahar. Mutanen tsibiri ko a jikinsu, wata biyu ke nan ana yi musu. Ni ma ina zaune a bukka ina jin daɗin sanyin. Da na waiwaya sai na ga Baba tsaye a bakin ƙofa, ya miƙa hannu waje, hancinsa na buɗewa. Fuskar nan ta kwana uku ta tafi.

Ya ce, "Wanga ruwan shuka na."

Na ce, "Na nan ne, Baba. Ruwan bakin teku daban, namu daban. Kafin ya hau zuwa wajenmu sai nan da mako uku."

Ya ce, "Sama guda ta."

Na yi bayani, na zana masa layuka a rairayi da tsinke, na kawo batun iskar da ke tasowa daga teku tana tafiya arewa sannu a hankali. Mai masaukinmu ma ya sa baki, ya ce shi ya zauna Arewa, ruwan nan ba ya zuwa can yanzu. Baba ya saurare mu duka, sannan ya ce a nemo kwalekwale. Dattijon ya ce yau ba mai tsallakawa, ruwa ya harzuƙa, sai gobe.

Ana ɗauke ruwan Baba ya shiga bukka ya kwance ƙullin geron kunu. Ya ɗauki ɓawon kwakwar da ya sha da safe ya zuba geron a ciki ya miƙo mini. Ya zari wata doguwar sanda mai tsini daga kayan masuncin, ya zagaya bayan gida inda rairayin ya ɗan haɗu da baƙar ƙasa, ya fara sara. Taku, sara. Taku, sara. Bai ce in biyo shi ba, amma na san wurina.

Rabona da shuka tun kafin a kai ni makarantar kwana. Nan na zuba iri da yawa, can na tsallake rami, wani na taka shi kafin in jefa. Ga shi ya yi nisa ina ta haki a baya. Ya waiwayo ya dubi aikina ya ce, "Malamin makaranta, yayanka bai taɓa tsallake rami ba, ko guda." Ban taɓa jin ya yabi yayana ba sai ranar, kuma ina jin shi kansa bai lura ya yi ba.

Mai masaukinmu na tsaye yana kallon ikon Allah. Ya ce, "Baba, nan gishiri. Ba ya fita."

Baba ya ce, "Ni na sani. Hannun ne bai sani ba."

Layi huɗu muka yi geron ya ƙare. Ya mayar da sandar, ya wanke ɓawon kwakwar ya sa a aljihun rigarsa.

Juma'a muka tsallaka, da sauran kwana uku a hutunmu. Abokina ya yi magiya har ya gaji. Ni kuwa haushi ya cika ni, ba zan ɓoye ba. Na ga mutum ya samu lafiya, na ga ya fara zama uban da ake hira da shi, ga shi zai watsar saboda ruwan da na tabbata ko ɗigo bai sauka a gonarsa ba. Na ƙudura a raina in mun isa muka iske ƙasa a bushe ƙamas ba zan ce komai ba, zan dai tsaya inda zai riƙa ganina. Asabar muka samu jirgin Arewa.

Wannan karon bai yi wa gonar kowa gyara ba. Idonsa dai na kan taga. Da muka wuce Minna ƙasa a jiƙe take, na ce ai nan kusan kudu ne. A Kaduna muka ga ruwa kwance a gefen layin dogo, na ce Kaduna kullum tana riga mu da mako biyu. A Zariya, inda muka sauka jiran jirginmu, taɓo ne ya kama mini takalmi. Na ce Zariya ma haka take, amma muryata ta fara ƙanƙancewa. Ranar Talata da safe muka doshi Funtuwa, sai ga mutane a gonaki, wasu na ƙarasa shuka, wasu ma sun gama suna duba tsiro.

Baba bai juyo ba ya ce, "Malamin makaranta, Funtuwa ma kudu ta?"

Sai a lokacin na fara lissafin abin da na jawo: gida mai baki goma sha, rumbu ya yi ƙasa, kuma gonar da ba ta taɓa rasa ruwan farko ba tun kafin a haife ni ta rasa shi saboda ni da takardata. Na san yayana, ko sama za ta faɗo ba zai taɓa sungumin nan ba.

Muna sauka a Tsafe, Baba ya tsuguna a gefen tasha ya tona ƙasa da yatsa. Sama ta bushe, can ƙasa da sauran laima kaɗan. Ya murza ta ya ce, "Kwana huɗu." Shi ke nan abin da ya faɗa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya saɓa jakarsa ya kama hanyar 'Yandoto, ni ina biye da akwati a ka, da farar safata da ta koma ja. Da muka zo mararraba bai bi ta gida ba, ya karkata hanyar gona.

Tun daga nesa na ga kamar ƙasar ta sauya launi, na ɗauka idona ne. Da muka matso sai ga shi, tsiron gero ya huda ƙasa, sirara kamar allura, layi-layi tun daga bakin hanya har gindin ɗorawar da ke ƙarshen gona. An shuka ta kaf.

Yayana na can tsakiya yana duba inda bai fito ba. Da ya hango mu ya taho ya durƙusa ya gaishe da Baba, kansa a ƙasa, kamar wanda aka kama da kayan sata. Sungumin na jingine da ɗorawa.

Baba ya ce, "Wa ya ba ka shi?"

Ya ce, "Inna ta sauko da shi, Baba. Ran Juma'a ruwa ya sauka. Na ce a jira ka, ta ce ƙasa ba ta jira. Maƙwabta suka bi ni da iri."

Baba ya ajiye jaka, ya tuɓe takalmansa, ya je bakin layin farko ya daidaita ƙafarsa da tsiron farko. Sannan ya fara tafiya, irin tafiyarsa ta shuka. Mu biyu muna tsaye muna kallo. Taku na farko ƙafarsa ta sauka daidai gefen tsiro. Na biyu haka. Na goma haka. Ya tafi har ƙarshen gona, ya tsallaka wani layin can nesa ya dawo ta kansa, ko sau ɗaya bai rage taku ko ya ƙara ba. Ina jin numfashin yayana a kusa da ni.

Da ya iso gabanmu ya tsaya ya dubi yayana ya ce, "Wanga takuna na."

Yayana ya ce, "Shekara ashirin ina bayanka, Baba. Ban san wani taku ba."

Baba ya daɗe yana kallon gonar. Ni na zaci faɗa zai yi, ko don a san shi ne mai gida. Sai ya wuce gindin ɗorawa ya ɗauki sungumin, ya shafa ƙotar inda hannunsa ya cinye ta, ya miƙa wa yayana.

Ya ce, "In ka koma, ɗakinka za ka soke shi."

Yayana ya karɓa da hannu biyu, ya juya mana baya yana goge ido da hannun riga. Baba kuwa ya zauna ya jingina da ɗorawar, ya miƙe ƙafafu kamar yadda yake yi a gindin kwakwa, ya turo hula gaban goshi. Can ya ɗaga ta ya harare ni.

Ya ce, "Kai kuma, da iliminka duka, ka bari munka baro wurin can da sauran kwana uku."

Na buɗe baki in kare kaina, sai na ga gefen bakinsa na motsi. Dariyar da muka yi a gonar nan, har da yayana da hawayensa, ban manta da ita ba.

A gida Inna ta tarbe mu kamar ba abin da ya faru. Da na keɓe da ita na ce ashe ruwa ya ƙaryata ni, sai ta ce washegarin tafiyarmu shamuwa ta sauka a kan tsamiyar ƙofar gari, tun ranar ta san ba za a kai wata ba. Na ce me ya sa ba ta aika an buga mana waya ba, ga gidan waya a Gusau. Ta ci gaba da tankaɗenta ta ce, "Ni na ce ka tafi da shi. Na ce maka ka yi saurin dawo da shi?" Har ta koma ga Allah ban san iyakar abin da ta shirya da abin da ya zo da kansa ba.

Har gobe ina nan a kan bakana cewa ruwan da ya sauka a tsibiri ranar Alhamis daban yake da wanda ya sauka a 'Yandoto ranar Juma'a, dacewa ce kawai aka yi. Ba wanda ya taɓa goyon bayana a gidanmu. Taswirar na mayar da ita bango, na ci gaba da koyar da ita shekaru, amma daga ranar in na gama nuna layukan nakan ce wa yara su je gida su tambayi iyayensu ma.

Da na girma na gane abin da ya hana mahaifina hutawa. Ba son wahala ba ne, tsoro ne. Yana ganin in ya saki hannu kwana ɗaya gidan zai kwana da yunwa, kuma ba wanda ya taɓa samun damar nuna masa ba haka ba ne, don bai taɓa matsawa ba. Ni na ɗauka iskar teku da inuwar kwakwa ne za su warkar da shi. Sun yi nasu, kwana uku. Ni ma da na yi ritaya sai da na kama kaina ina leƙa tsohuwar makarantata kullum, wai in ga ko suna iyawa ba ni. Suna iyawa sarai.

Baba bai sake ganin teku ba, ko da yake duk wanda ya zo hira sai ya ba shi labarin rijiya mai daɗi a tsakiyar gishiri da Turawan da aka shanya. Yakan kuma tambayi abokina a wasiƙa ko geronsa na tsibiri ya fito. Bai fito ba. Ya ƙara damina shida a duniya, kuma bai fasa zuwa gona ranar shuka ba ko sau ɗaya. Sai dai yanzu yayana ne a gaba da sungumi, Baba na biye da shi a hankali, yana jefa iri daga ɓawon kwakwar nan da ya taho da shi a aljihu, yana rufewa da dunduniya. Yayana ya ce mini bai taɓa tsallake rami ba, ko guda.